Me ya sa bidiyona ke sandarewa idan an tsallaka ko an sauya kyamara?

Tambayar a taƙaice: wani ɗan'uwa yana haɗa bidiyon koyarwa wanda mai kallo ke danna maɓalli ya zaɓi abin da zai biyo baya, wani lokaci kuma ya sauya daga kyamara ɗaya zuwa wata ba tare da darasin ya tsaya ba. Da an danna sai hoto ya sandare na sakan ɗaya ko biyu, wani sa'in ma ya fito da dabbare-dabbare kafin ya daidaita. Ya ƙara bitiret, wato yawan bayanan da bidiyo ke ɗauka a kowane sakan, ya rage girman hoto, duk bai ga canji ba. Yana son sanin saitin da ya dace wajen matse bidiyon.

Ɗan'uwa, ka bar bitiret ya huta tukuna, ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke tsayar maka da hoto shi ne nisan da ke tsakanin wurin da mai kallo ya sauka da cikakken hoto na ƙarshe da ya gabace shi. Idan ka gane wannan, sauran saitin duka za su zo maka da sauƙi.

Bidiyon da aka matse ba jerin cikakkun hotuna ba ne. H.264 da aka kammala a 2003, da HEVC na 2013, da VP9, da AV1 na 2018, waɗanda duk kodek ne, wato tsarin matse bidiyo da warware shi, dabara ɗaya suke bi. Suna ajiye cikakken hoto guda, wanda ake kira firem I. Firem ɗin da ke biye da shi ba ya ɗauke da hoto, bayani kawai yake ɗauke da shi: wannan ɓangaren ya matsa dama kaɗan, wancan ya ɗan yi duhu, sauran yana nan yadda yake. Irin wannan shi ne firem P, kuma yana dogara da abin da ya gabace shi. Akwai na uku, firem B, wanda ke leƙa baya ya kuma leƙa gaba, saboda haka ba a iya fito da shi sai an warware wani firem da a wurin kallo ma bai zo ba tukuna. Daga cikakken hoto zuwa na gaba shi ake kira rukunin hotuna, masu sana'ar kuma suna cewa GOP.

To idan mai kallo ya faɗa tsakiyar rukuni, na'ura ta zama kamar wanda ya tarar da zance a tsakiya, ya ji ana cewa "sai ya ƙara masa biyu," alhali bai san nawa ne na farko ba. Dole ta koma farkon rukunin, ta warware firem ɗaya bayan ɗaya a ɓoye har ta iso inda aka ce ta je, sannan ta nuna. Manhajar da ba ta da haƙurin yin haka, ko dai ta jefa ka kan cikakken hoto mafi kusa, ka ga ba inda ka zaɓa ka sauka ba, ko ta fara nunawa ba tare da tushe ba, ka ga toka-toka da dabbare-dabbaren nan da kake magana.

Yanzu dubi lissafin. Inkodar x264, wato manhajar da ke matse bidiyo zuwa H.264, wadda manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg da wasu da yawa ke amfani da ita, idan ba a taɓa saitinta ba tana iya barin firem 250 tsakanin cikakken hoto da na gaba. A bidiyo mai firem 25 a sakan, wannan sakan 10 ke nan. Takan saka ƙarin cikakken hoto idan fage ya canza baki ɗaya, amma a bidiyon koyarwa, inda malami ke tsaye gaban allo na tsawon minti, fage ba ya canzawa, sai ta bar rukunin ya kai iyakarsa. A ce mai kallo ya sauka a firem na 240 na irin wannan rukuni, a ce kuma na'urarsa na iya warware firem 120 a sakan. Sakan biyu cur zai zauna yana kallon sandararren hoto. Ƙara bitiret da ka yi ma ƙara mata nauyi ya yi, domin kowane ɗaya daga cikin firem 240 ɗin ya ƙara girma.

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka zauna ka rubuta irin tsallen da mai kallonka zai yi, domin iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai tsalle zuwa wuraren da kai ka san su tun farko, kamar farkon reshe na biyu na darasi. Akwai jan zaren lokaci da yatsa zuwa duk inda mutum ya ga dama, gaba ko baya. Akwai kuma sauyawa daga wani bidiyo zuwa wani a daidai lokaci ɗaya, wato batun kyamarorinka. Yawancin masu wannan aiki sai sun gama komai suke tunanin matsewa, alhali tun ran gini ake zane.

Na farkon shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mutane suka fi wahalar da kansu a kai. Idan ka san wuraren sauka, ba ka bukatar gajarta rukuni a faɗin fayil ɗin duka. Ka umarci inkoda ta dasa cikakken hoto a daidai waɗannan wuraren. A FFmpeg ana yin haka da `-force_key_frames 0,12.48,47.2`, wato ka jera lokutan da sakan. Duk wanda ya sauka a 12.48 zai tarar da cikakken hoto yana jiransa, na'ura ta warware firem ɗaya tak ta nuna.

Amma a nan akwai tarkon da ke kama har gwanaye. A firem 25 a sakan, 12.48 shi ne firem na 312 daidai. Idan manhajarka ta nemi 12.47, ko lissafinta ya zaftare ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, to ta faɗa firem na 311, wanda shi ne wutsiyar rukunin da ya gabata. Maimakon tsalle mafi sauri, ka samu mafi muni da zai yiwu, domin sai ta koma can farkon wancan rukunin ta taho. Wannan ya fi faruwa a bidiyo mai firem 29.97, inda lokutan firem ba sa ƙarewa da lamba mai tsabta. Shawarata ita ce ka riƙa ƙidaya wuraren sauka da lambar firem, kuma idan za ka ba manhaja lokaci, ka ƙara rabin tsawon firem a kai. A misalinmu ka nemi 12.50. Har yanzu kana cikin firem na 312, amma ka yi nesa da bakin rami.

Sai kuma batun rufaffen rukuni da buɗaɗɗe, wanda ba na son ka wuce shi da gudu. Ba kowane firem I ne ƙofar shiga mai tsabta ba. A H.264 akwai wanda ake kira IDR, wanda ke cewa duk abin da ya gabata a manta da shi, babu firem na gaba da zai koma ya dogara da shi. A buɗaɗɗen rukuni kuwa, wasu firem B da ke kusa da cikakken hoton suna dogara da rukunin baya. Idan ana kallo a jere babu matsala, har ma yana ɗan rage girman fayil. Amma wanda ya shigo daga wani wuri ba shi da wancan rukunin bayan, sai na'ura ta zubar da waɗannan firem ɗin ko ta nuna su a lalace. x264 tana rufe rukuni tun asali, saboda haka ba ta da wannan damuwa sai idan kai ka buɗe. x265, ta HEVC, akasin haka take: a buɗe take zuwa, sai ka rufe da `no-open-gop=1`. Idan kuma da katin hoto kake matsewa, kamar NVENC na Nvidia, ka saka `-forced-idr 1` domin hotunan da ka dasa su zama IDR na gaske. Akwai wani saiti mai suna intra-refresh da ake so a watsa shiri kai tsaye, wanda ke sabunta hoto sashe-sashe maimakon aiko da cikakke gaba ɗaya. Ka nisance shi a wannan aikin.

Tsalle na biyu, na jan zare da yatsa, ba shi da wurin sauka sananne, don haka dole a gajarta rukunin ko'ina. Ga bidiyon da ke zaune a cikin na'urar kanta, nakan fara da sakan ɗaya, wato `-g 25` a firem 25. Idan mutum zai riƙa ja da baya yana son ganin hoto na bin yatsansa, sai in sauko zuwa rabin sakan ko ƙasa da haka. Ja da baya shi ne gwaji mafi tsanani, domin matsewar gaba kawai ta sani: don a nuna firem na 20 sannan na 19, manhajar da ba ta ajiye abin da ta warware ba sai ta sake farawa daga farkon rukuni a kowane taku. Ga misalin umarni cikakke da za ka iya farawa da shi:

`ffmpeg -i asali.mov -c:v libx264 -preset slow -crf 20 -g 25 -bf 0 -pix_fmt yuv420p -movflags +faststart -c:a aac -ar 48000 sabo.mp4`

Ka lura na kashe firem B da `-bf 0`. Dalili shi ne suna tilasta wa na'ura ta riƙe wasu firem kafin ta fara fitarwa, domin jerin warwarewa ya bambanta da jerin nunawa, kuma wannan ɗan jinkirin yana maimaituwa a kowane tsalle. A aikin da ke cikin na'ura, inda girman fayil ba shi ne damuwa ba, kashe su ya fi. A bidiyon da ke bi ta intanet kuwa ba zan kashe su ba, domin ragin nauyin da suke kawowa ya fi ɗan jinkirinsu amfani, muddin rukunin a rufe yake.

Ka kuma lura CRF na yi amfani da shi, wato saitin da ke ƙayyade kyan hoto, ban ƙayyade bitiret ba. Cikakken hoto ya fi firem P nauyi nesa ba kusa ba. Idan ka yawaita su sannan ka ɗaure bitiret a inda yake, inkoda za ta rage wa kowa rabonsa, sai ka ga hoto yana wani irin numfashi, yana ɗan canza kyau duk bayan sakan ɗaya, musamman a bango mai launi ɗaya. Da CRF, kyan hoton ne ke tsayawa, fayil ɗin ya ƙara girma gwargwadon bukata. Ka yarda da wannan cinikin tun yanzu: tsalle mai santsi da girman fayil ake sayensa. Idan kana tsoron nauyin ya yi tsiri fiye da ƙarfin layi, ka sa masa rufi da `-maxrate` da `-bufsize`.

Ƙarshen wannan hanya shi ne `-g 1`, inda kowane firem cikakke ne, babu mai dogara da wani. Idan ka kai nan, gara ka duba kodek ɗin da aka ƙera don haka tun farko. ProRes na Apple, wanda ya fito a 2007, da DNxHD na Avid, duk haka suke aiki, shi ya sa masu tace bidiyo ke yawo a cikinsu gaba da baya ba tare da tuntuɓe ba. Sai dai ProRes 422 a 1080 mai firem 29.97 yana cin kusan megabit 147 a sakan, nau'in HQ kuma kusan 220. Akwai kuma HAP na kamfanin Vidvox, wanda masu haska bidiyo a dandamali da ɗakunan baje koli ke ji da shi. Shi yana ajiye hoton ne a sigar da katin hoto ke karantawa kai tsaye, sai ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CPU, ta samu sauƙi, har a iya kunna bidiyo da yawa a lokaci guda. Nauyin sai ya koma kan faifai, don haka SSD mai sauri ya zama dole. Waɗannan duka na kwamfutar da ke hannunka ne. Burauza da wayoyin jama'a ba wurinsu ba ne.

Yanzu ga na uku, sauya kyamara, wanda shi ne ya fi bukatar tsari. Wannan ba sabuwar matsala ba ce. Faifan DVD ya zo da damar ajiye kusurwa har 9 na fage ɗaya, kuma ƙa'idarsa ta taƙaita rukuni ga firem 15 a tsarin talabijin na PAL, 18 a na NTSC, wato ɗan sama da rabin sakan. Don sauyin ya tafi lami lafiya, sai an matse dukan kusurwoyin da tsarin rukuni iri ɗaya. Ƙa'idar ba ta canza ba har yau. Idan kyamara ta ɗaya tana da cikakken hoto a sakan 14, ta biyu ma dole ta samu nata a sakan 14, a firem guda. Ana samun haka ta hanyar ba su tsawon rukuni ɗaya tare da hana inkoda saka cikakken hoto bisa ra'ayin kanta: `-g 25 -keyint_min 25 -sc_threshold 0`. Idan ka bar mata gano canjin fage, za ta saka wa kyamara ta ɗaya cikakken hoto lokacin da wani ya gifta gabanta, ƙidayar rukunin ta sake farawa daga nan, daga wannan lokacin kuma bidiyon biyu sun rabu. Amma ka gane, a wannan yanayin kawai nake kashe shi. A tsalle iri na farko da na biyu ka bar shi a kunne, yana gyara kyan hoto a wurin yanka.

Bayan rukuni, komai na bidiyon biyu ya zama ɗaya: girman hoto, yawan firem a sakan, matakin kodek, tsarin launi. Da zarar ɗaya ya bambanta, na'urori da yawa sai sun rushe dikoda, wato ɓangaren da ke warware bidiyo, sun sake tayar da ita, a nan ne ake ganin baƙin allo na ɗan lokaci. Ka kuma yi hattara da bidiyon da aka ɗauka da waya ko aka naɗa daga allon kwamfuta, domin sau da yawa yawan firem ɗinsu a sakan ba tsayayye ba ne. Firem na 350 a wannan ba lallai ya zo lokaci ɗaya da na 350 a wancan ba. Ka daidaita su tukuna da `-r 25 -fps_mode cfr` kafin komai.

Akwai wata dabara da nake matuƙar so idan kyamarorin ba su wuce huɗu ba: ka haɗa su cikin hoto ɗaya. Bidiyo huɗu masu 1920 da 1080 suna shiga daidai cikin ɗaya mai 3840 da 2160. Na'ura na warware bidiyo ɗaya ne kawai, manhaja kuma tana nuna kusurwar da aka zaɓa ta ɓoye sauran. Sauyawa ya zama matsar da taga, babu tsalle ko kaɗan, kuma kyamarorin ba za su taɓa saɓa wa juna a lokaci ba. Kuɗin da za ka biya shi ne kullum ana sauke huɗun ana warware su, ko da ɗaya ake kallo, don haka ka tabbata na'urorin masu kallonka na iya ɗaukar wannan girman.

Idan ta intanet bidiyon ke zuwa, akwai wani jinkiri da ba ruwansa da kodek. Fayil ɗin MP4 yana da taswira a cikinsa, mai suna moov, wadda ke faɗin inda kowane firem yake. Yawanci a ƙarshen fayil ake rubuta ta, sai burauza ta je can ta ɗauko kafin ta fara komai. `-movflags +faststart` da ka gani a umarnin sama shi ke dawo da ita gaba. Sabar da ke ajiye da fayil ɗin ma dole ta yarda a nemi wani yanki na fayil ba dukansa ba. Ka duba amsarta: idan tana mayar da lamba 206 to tana yi, idan kullum 200 take bayarwa tare da fayil ɗin gaba ɗaya, babu saitin matsewa da zai cece ka. A tsarin watsa bidiyo ta intanet na HLS, wanda Apple ta fito da shi a 2009, da na DASH, ana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta fara da IDR. Jagorar Apple ta ce gunduwa ta sakan 6 da cikakken hoto duk sakan 2. Wannan ya dace da kallo a jere. Ga aiki irin naka zan sauko da gunduwar zuwa sakan 2, kuma in sa kowane reshe na darasi ya zama nasa jerin daban, ya fara daga sifili.

Sauti kuma yakan ɓata aikin da hoto ya gyara. AAC, kodek ɗin sauti da ke cikin umarnin sama, yana tafiya ne a ƙunshi mai samfur 1024, wanda a 48 kHz ya kama kusan milisakan 21.3, kuma wannan ba ya raba sakan 2 daidai. Shi ya sa masu yanka gunduwa a firem 25 sukan zaɓi sakan 1.92: firem 48 ne na hoto, ƙunshi 90 ne na sauti, duka biyun sun ƙare a wuri guda. Inkodar AAC kuma tana saka ɗan shiru a farkon kowane fayil, wanda idan manhaja ba ta yanke shi ba za a ji ɗan giɓi ko ƙas a mahaɗar reshe biyu. Ga sauya kyamara, kada ka sauya sauti sam. Ka ware shi ya zama layi ɗaya mai tafiya ba tsayawa, hoto ya riƙa bin agogonsa. Kunne ya fi ido saurin kama yankewa.

Duk da haka, matsewa rabin aiki ne. Ko da cikakken hoto na jira a wurin sauka, sai an nemo shi, an sauke, an warware. Idan ka san cewa nan da sakan 10 mai kallo zai zaɓi ɗaya daga cikin reshe biyu, ka sa manhaja ta fara sauke farkon kowannensu tun lokacin da maɓallan suka bayyana, ta ajiye su a tsaye kan firem na farko a bayan fage. Da ya danna, sai kawai a ɗaga wanda ya zaɓa a saki ɗayan. Amma kada ka buɗe da yawa, domin dikodar da ke cikin waya tana da iyakar bidiyon da za ta riƙe a lokaci guda, kuma idan an wuce iyakar, ko dai ta ƙi, ko aikin ya koma kan ƙwaƙwalwar wayar ta fara zafi tana jan ƙafa.

Kafin ka sake matse komai, ka auna fayil ɗin da ke hannunka yanzu da wannan:

`ffprobe -v error -select_streams v -skip_frame nokey -show_entries frame=pts_time -of csv=p=0 fayil.mp4`

Zai jero maka lokacin kowane cikakken hoto. Ka ajiye jerin kusa da lokutan da maɓallanka ke tsallakawa, ka ga tazarar da ke tsakaninsu. Ka yi wa kowace kyamara haka, ka jera sakamakon gefe da gefe, layi ya yi daidai da layi. Bayan ka sake matsewa ka maimaita awon, musamman idan ka ɗora bidiyon a wani dandali, domin da yawansu suna sake matse abin da aka ba su da nasu saitin, su share wuraren da ka dasa. Gwajin ƙarshe kuma ka yi shi a kan waya mafi rauni da kake tsammanin wani mai kallo zai riƙe, domin kwamfutar da ka yi tacewa da ita tana da ƙarfin da zai ɓoye maka jinkirin.